Baba Ya Ɗaure Lasisinsa a Gindin Bindiga

Assalamu alaikum Anti Juwairiyya,

Don girman Allah ki taimake ni, kuma ki amsa mini da wuri, domin kwana goma sha biyu kawai suka rage. Wannan ne karo na uku da nake rubuta wasiƙar nan. Biyun farko na yayyaga su, saboda ina ji kamar asirin mahaifina nake tonawa a gaban duniya. Amma na ga idan na yi shiru, abin da zai biyo baya ya fi tonon asiri muni. Ina roƙonki kada ki sa sunana.

Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare a Nguru. Shekaruna goma sha bakwai, kuma ni ce 'yar fari a gidanmu. Malamarmu ta Hausa ce take zuwa da jarida, takan bar mu mu karanta filinki idan an fita tara. Ban taɓa zaton wata rana ni ma zan rubuto ba.

Babana manomin shinkafa ne. A Nguru muke zaune, amma gonarsa tana fadamar Katuzu kusa da Gashua. A can aka haife shi, kuma yayarsa da muke kira Gogo tana can har yau. Yana da bindigar farauta mai baki ɗaya, irin wadda ake karyawa a tsakiya a sa harsashi. Da ita yake korar aladen daji da birai idan shinkafa ta fitar da kai. Anti, ba bindigar ɓoye ba ce. Yana da lasisi. Ni nake karanta masa takardar, ni nake tuna masa idan lokacin sabuntawa ya zo, domin shi karatun allo ya yi, bai yi boko ba.

Shekara uku da suka wuce takardar ta ɓata a cikin gida. Sati biyu ana nema, Baba ko abinci ba ya iya ci, sai daga baya Inna ta same ta a ƙarƙashin kwanonin jerenta. Daga ranar ya kai wa wani baduku ya ɗinka mata 'yar jakar fata kamar laya, ya ɗaure ta tamau a gindin bindigar. Yana alfahari da wannan dabara ƙwarai. Yakan ce yanzu duk inda bindiga ta shiga, shaidarta na manne da ita, babu mai raba su.

Abu na biyu shi ne wanda nake jin nauyin rubutawa. Baba ba ya ji sosai. Kunnensa na dama ya mutu gaba ɗaya, na hagun ma sai an matso. Ina zaton ƙarar harbi ta shekara da shekaru ce ta jawo haka. A gidanmu babu mai faɗar haka. Dukanmu muna ɗaga murya ne kamar dama haka muke magana. Idan aka yi masa magana bai ji ba, ba ya cewa a maimaita. Sai ya yi murmushi ya ce madalla, ya tako zuwa wajen mai maganar yana juyo masa gefen hagu. Tun ina ƙarama na san wannan takun nasa, ban taɓa ganin aibunsa ba sai ranar da zan ba ki labari.

Ranar Asabar, sati uku da suka wuce, na bi shi Katuzu don in gaida Gogo. Mun shiga a-kori-kurar Malam Ya'u, direban da ya saba kai shi. Baba yana gaba, ni ina baya a kan buhuna tare da wasu mata biyu masu zuwa kasuwar Gashua. Bindigar tana bayan kujerar gaba, a naɗe cikin buhu. Da hantsi, bayan mun wuce Jajimaji, sai muka tarar da shingen 'yan sanda. Wani matashi a cikinsu ya tsayar da mu, ya tambayi takardun mota. Malam Ya'u ya miƙa. Shi ke nan fa, da an bar abin a haka da mun wuce.

Amma Baba ya ga ana miƙa takardu, ya ɗauka na kowa ake tambaya. Kuma a wajensa rashin ladabi ne mutum ya yi magana da hukuma yana zaune a kan kujera. Sai ya buɗe ƙofa ya sauka, ba wanda ya ce ya sauka. Ya sunkuya, ya zura hannu bayan kujera, ya zare buhun, ya jawo bindigar. Takardar yake so ya nuna, Anti, wallahi takardar kawai. Amma takardar tana jikin bindiga.

Ɗan sandan ya yi tsalle baya, ya ɗana tasa bindigar, ya saita ƙirjin Baba, yana ihu ya ajiye, ya ajiye. Sauran ma suka juyo da nasu. Matan da ke kusa da ni suka kwanta a kan buhuna suna salati. Baba kuwa ya ga bakin mutum yana motsi, bai ji me ake cewa ba. Sai ya yi murmushi. Ya ce madalla. Ya taka gaba, bindiga a hannu, yatsunsa suna ta ƙoƙarin kwance igiyar fatar nan.

Ni ce wadda ko amsa suna a aji sai malami ya ce in ɗaga murya. Ban san lokacin da na miƙe tsaye a kan buhuna ba. Na yi ta ƙwala ihu cewa kurma ne, ba ya ji, kurma ne, takarda zai nuna. Na faɗa da Hausa, na faɗa da Turanci, na sake faɗa da Hausa har muryata ta dishe. Wani saje mai furfura a gashin baki ya ɗaga hannu ya tsawata wa yaransa, ya zagayo ta gefe ya riƙe bakin bindigar ya yi ƙasa da shi, ya karɓe ta. Da ya karya ta sai ga harsashi a ciki. Ashe a cike take. Har yanzu ina jin ƙarar faɗuwarsa a kan kwalta.

Sajen ya kwance jakar ya karanta takardar, ya daɗe yana dubawa, ya ga daidai take. Ya ja Baba gefe ya yi masa magana a kunne, ban san me ya ce ba. Da zai mayar da bindigar sai ya dube ni ya ce in gode wa Allah, yau saura ƙiris a mayar da ni marainiya. Shi kuwa matashin nan na gan shi zaune a kan wata tsohuwar taya, yana shan ruwa, rabi yana zuba a rigarsa. Bai fi malaminmu mai bautar ƙasa shekaru ba. Na so in tsane shi amma na kasa.

To Anti, duk ihun da aka yi a wurin nan, kalma ɗaya ce ta shiga kunnen Baba, ita ce wadda ta fito daga bakina. Kurma. A gaban mata, a gaban direba, a gaban hukuma. Malam Ya'u kuma ya kai labarin tasha yana ba da shi da dariya, har yanzu wasu a can Malam Madalla suke ce wa Baba idan ya juya baya. Dama can, da yake ni 'yar fari ce, Baba ba ya kiran sunana, yarinyar nan yake cewa, kuma ba ma doguwar magana. Amma ni nake kai masa ruwan alwala, ni nake wanke masa kaya in goge. Yanzu ko yarinyar nan ɗin ba na samu. Idan na ajiye buta sai ya jira ƙanwata ta kawo wata.

Wannan zan iya jurewa. Abin da ya hana ni sukuni shi ne bai yarda ya yi kuskure ba. Ya ce wa Inna takardarsa ce ta fitar da shi, da babbansu ya gan ta ai jikinsa ya yi sanyi, kuma mai lasisi ba ya tsoron shinge. Ya ce yaran yanzu ne ba su da natsuwa, ni kuma na kunyata shi a banza. Jakar tana nan a inda take, har ya ƙara mata igiya. Kuma ya ce ba zai hau hanya da bindiga babu harsashi ba, saboda halin da hanya take ciki.

Asabar ta sama zai koma, domin shinkafa ta kusa nuna kuma aladu sun fara shiga. Zai yi ta zuwa yana dawowa har a gama yanka. Ni kuma ranar muna da jarrabawar gwaji, ba zan kasance a bayan motar ba. Wa zai yi masa ihu? Inna ta ce mu yi addu'a, ita ba ta iya buɗe masa baki a kan bindiga. Ina yi, Anti, kullum ina yi. Amma idan na buɗe littafi ba na ganin rubutu, murmushin nan nasa nake gani yana takawa.

Na yi tunanin ɓoye bindigar a rumbu. Na yi tunanin jefa ta a kogi. Ranar Juma'a da ya tafi masallaci har na ɗauki reza na riƙe igiyar jakar, sai hannuna ya ƙi. Na ma yi tunanin in je ofishin 'yan sanda da kaina in roƙe su su karɓe ta, amma wace irin 'ya ce za ta kai ƙarar ubanta? Don Allah ki gaya mini, na yi laifi da na faɗi abin da na faɗa? Kuma yaya mutum mai bindigar halal ya kamata ya yi idan an tsayar da shi, don in san abin da zan roƙa a gaya masa? Ba na so ranar Asabar a zo a kira ni daga ɗakin jarrabawa.

'Yar fari mai fargaba,
Nguru

*

Wa alaikumus salam 'yata,

Na tsallake wasiƙu da yawa na ɗauko taki saboda kwanakin da kika ƙirga. Ki share hawaye ki karanta a natse, akwai aiki a gabanki kuma za ki iya.

Ba ki yi laifi ba. Kin yi amfani da kalmar da ta fi saurin isa kunnen mai riƙe da kunamar bindiga, kuma ta isa. Da kin tsaya neman mai taushi, da yanzu wata wasiƙar daban kike rubuto mini. Amma ki fahimci Baba shi ma. Shekaru ya yi yana rufe wannan rauni, ku kuna taya shi rufewa, rana ɗaya ya ji shi a fili daga bakin 'yarsa. Fushin da yake yi miki, rabinsa kunya ce, sauran kuma tsoro ne da ba zai iya furtawa ba. Ya ga bakin bindiga a ƙirjinsa kamar yadda kika gani. Ki ci gaba da ajiye butar.

Ki mayar da rezar nan inda kika ɗauko ta. Kada ki ɓoye bindiga, kada ki jefa ta a ruwa, kada ma ki taɓa ta, musamman tunda kin san yana barin harsashi a ciki. Bindiga mai lasisi idan ta ɓace, shi za a tambaya, kuma tambayar ba ta da daɗi. Idan kuma kika yanke jakar a ɓoye, zai iya hawa hanya da bindiga babu takarda bai sani ba. Abin nan sai da saninsa zai gyaru.

Duk abin da Baba ya yi a shingen nan ladabi ne a wajensa: ya sauka, ya matso, ya gabatar da shaida tun ba a tambaya ba. A ƙofar gidan mai unguwa da an yaba masa. Amma ɗan sandan da ke tsaye a kan hanya bai san Baba ba, bai san shinkafa ba, bai san jakar fata ba. Abin da ya gani shi ne mutum ya sauka babu izini, ya zura hannu inda ido ba ya kaiwa, ya fito da bindiga, ya nufo shi. Kin san abin da yankinmu ya gani a shekarun nan. Shi ma yana da uwa da ke jiransa. Ba ina cewa duk wanda ke shinge mai haƙuri ne ko mai adalci ba, amma ko wane iri aka tarar, lasisi ba ya aiki sai an karanta shi, kuma ba a karanta shi sai hankalin kowa ya kwanta.

Ga abin da ya kamata. Takarda ta rabu da bindiga, ta dawo aljihun gaban riga, na ƙirji, inda za a ga hannu yana shiga yana fita. A yi mata kwafi a ajiye a gida saboda tsoron ɓata, tunda shi ne ya kawo jakar tun farko. Bindiga ta yi tafiya babu harsashi a cikinta, a naɗe, a ɗaure, a wurin da hannun wanda ke zaune ba ya kaiwa, harsasai kuma a wata jaka daban. Na ji hujjarsa game da hanya, amma lasisinsa na tsaron gona ne, kuma cikakkiyar bindiga a bayan kujera ta kusa jawo masa abin da yake gudu.

Idan an tsayar da mota, ya zauna. Hannayensa biyu a fili, a kan gaban mota ko a kan gwiwa. A yi sallama, sannan tun kafin a fara bincike a faɗa da baki cewa akwai bindigar farauta mai lasisi a wuri kaza, babu harsashi a ciki, takarda tana aljihun gaba. Daga nan a jira. Kada hannu ya motsa sai an ce ya motsa, kuma a hankali. Idan suna son ganin bindigar, su ɗauko da kansu, shi kada ya taɓa ta. Idan bai ji abin da aka ce ba, ya tsaya cik a inda yake, ya bar direba ya amsa. Ko da za su ce za su riƙe ta, kada a yi jayayya a kan titi. A tambayi ofishin da za a kai ta, a bi ta daga baya da takarda da wani dattijo.

Wannan ya kawo mu ga Malam Ya'u. Bakin da ya iya ba da labari a tasha zai iya yin magana a shinge. Inna ta aika masa ta wajen matarsa cewa dariyar ta isa haka, kuma daga yau shi ne zai fara gaya wa jami'i cewa dattijon da ke gefensa ba ya ji sosai kuma akwai bindiga mai lasisi a mota. Ai shi ma yana cikin motar ranar, harsashi ba zai tambayi waye direba ba. Idan bai ɗauki abin da muhimmanci ba, a nemi wata motar.

Wa zai gaya wa Baba duk wannan? Ba ke ba, kuma ba Inna ba. Gogo. Yayarsa ce, ta goya shi, tana iya faɗa masa abin da ba wanda ya isa ya faɗa. Ki ari wayar Inna yau, ba gobe ba, ki ba ta labarin kamar yadda kika ba ni, har da harsashin da ya faɗi a kwalta. Ina kyautata zaton abin da ya isa kunnenta labarin tasha ne mai dariya. Ki roƙe ta ta zo Nguru kafin Asabar, ta zauna da shi su biyu, ta gefen hagunsa. Kada ta tsaya a kan ya yi kuskure ko bai yi ba. Ta ce masa hanya ce ta canza. Ta kuma sa shi ya je ofishin da yake sabunta lasisi ya tambayi ƙa'idar tafiya da bindiga a yanzu, domin dokokin nan ana tsaurara su lokaci zuwa lokaci, ya kuma tambaya ko zai halatta bindigar ta zauna a Katuzu har a gama yanka, maimakon ta riƙa zirga-zirga a hanya. Zuwansa da ƙafarsa ba kai ƙara ba ne, mutunci ne. Bayan girbi kuma a lallaɓa shi asibiti a duba kunnen, wataƙila akwai abin da za a iya yi wa na hagun. Idan duk wannan bai yiwu kafin Asabar ba, Gogo ta nemi alfarma ɗaya: wannan tafiyar ya bar bindigar a gida. Aladu su ci kwana biyu, gona ba za ta ƙare ba.

Naki aikin kuma ga shi. Ki samu kati mai kauri, ki rubuta da manyan baƙaƙe, Hausa a sama, Turanci a ƙasa: Ni dattijo ne, ba na ji sosai. Akwai bindigar farauta mai lasisi a motar nan, babu harsashi a ciki. Ba zan taɓa ta ba. Takardata tana aljihuna. Ki lura, ban ce ki rubuta waccan kalmar ba. Ki kai a rufe shi da leda, ki ba Gogo ta miƙa masa, ya riƙa riƙe shi a hannu tun daga nesa idan an hango shinge. Ke kike wanke masa kaya, to ki duba rigar da yake tafiya da ita, idan aljihun gaban ba shi da maɓalli ki ɗinka masa, don takarda ta zauna lafiya. Ba sai kin ce komai ba. Zai gane ɗinkin wace ce.

Kin tambaye ni wa zai yi masa ihu ranar Asabar. Ba ma so a sake kai wa ga ihu, 'yata. Katin nan shi ne muryarki, zai shiga gaban mota tare da shi, ke kuma ki shiga ɗakin jarrabawa ki rubuta sunanki da kyau. Allah ya kai Baba lafiya ya dawo da shi lafiya, ya tsare masu tsaron hanya su ma, ya ba ki sa'a, ya kuma nuna miki ranar da zai ɗauki butar da kika ajiye.

Taki,
Anti Juwairiyya